ARAHA KO KUSA? WAHALAR NEMAN ƊAKIN HAYA TSAKANIN SAMARU DA SABON GARI

Yau zan ɗan ajiye labarin soyayya a gefe, in taɓo wani al'amari wanda a ganina shi ne ke yanke wa soyayya da yawa hukuncin ƙarshe a garin Zariya, wato maganar ɗakin haya. A littafi, da zarar iyaye sun amince, an ɗaura aure, an kai amarya, sai a ce alhamdu lillahi a rufe. A zahiri kuwa tun kafin a sa rana ango zai fara yawo a bayan dillali, daga Samaru zuwa Palladan, daga Palladan zuwa Kwangila, yana neman ciki da falon da aljihunsa zai iya ɗauka, wanda kuma ba zai nisanta shi da wurin aikinsa ba. Abubuwan nan biyu, araha da kusa, sun daɗe da daina shan inuwa ɗaya.

Ra'ayina a taƙaice shi ne, duk wanda ya lissafa kuɗin haya bai haɗa da kuɗin mota ba, to bai yi lissafi ba tukuna. Kuma garin da ƙaramin ma'aikaci ba zai iya takawa da ƙafarsa zuwa wurin aiki ba, garin yana cin albashinsa ta fuska biyu: mai gidan haya ya ɗauki nasa, titi ya lashe abin da ya rage.

Abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne, Samaru da Sabon Gari duka a kan tafiyar ƙafa aka kafa su. Jirgin ƙasa ya iso Zariya a 1911, daga nan Sabon Gari ta tsiro a gefen tasha, ta zama mazaunin ma'aikatan reluwe da akawuna da 'yan kasuwa, mutanen Kudu da Hausawan da suka zo cin rani suka zauna. Kamfanonin Turawa masu sayen gyaɗa da auduga suka kafa kantunansu a nan kusa, har yau ma sunan ɗaya daga cikinsu bai bar bakinmu ba, don kuwa unguwar da muke kira PZ sunan kamfanin Paterson Zochonis ta ci. Ma'aikaci ya fito daga kwatas, ga tasha, ga kasuwa, ga makarantar yara, duk ba ya buƙatar ko kwabo na mota.

Haka ita ma Samaru. Gonar gwajin noma ce ta fara jawo mata mutane tun a shekarun 1920, wadda daga baya ta zama Cibiyar Binciken Aikin Gona. A 1962 aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello. Manyan ma'aikata aka gina musu gidaje a cikin harabar jami'ar, irin su Area A da Area BZ. Ƙananan kuwa, masinja da direba da mai shara da mai buga tafireta, suka zauna a ƙetaren titin Sakkwato, cikin garin Samaru. Mutum ya tsallaka titi da safe da ƙafa ko a kan kekensa, ya dawo gida ya ci tuwon rana, ya koma. Albashinsa kaɗan ne, amma titi ba ya da kaso a ciki.

A 2016 wani malamin jami'a a birnin Faris na ƙasar Faransa, mai suna Carlos Moreno, ya fito da wani tunani da ya kira "birnin minti 15", wato a tsara gari yadda mutum zai isa wurin aiki da kasuwa da asibiti da makaranta cikin minti 15 da ƙafa ko da keke. Magajiyar garin Faris ta lokacin, Anne Hidalgo, ta ɗauki maganar ta yi yaƙin neman zaɓe da ita a 2020, duniya ta yi ta tafi. Ni kam da na ji labarin sai na ce ai wannan Samarun iyayenmu ce. Abin da su suke kashe maƙudan kuɗi su samu, mu muna da shi a hannu, muka zuba ido yana zamewa.

To me ya faru? Hausawa na cewa ruwa ba ya tsami banza. Abu na farko, ɗalibai sun yi wa ɗakunan kwanan jami'a yawa. Amina da Ribadu da Suleiman da Danfodio da sauransu ba za su iya ɗaukar dubun-dubatar yaran da ake ɗauka ba, dole ragowar su fantsamo cikin gari. Masu gidaje suka lura da inda kasuwa ta karkata, sai suka shiga rushe gidajen iyali suna mayar da su ƙananan ɗakuna, kowane da banɗakinsa da ɗan kicin a ciki. Ɗalibai uku ko huɗu za su haɗa kuɗi su kama ɗaki ɗaya, kowannensu da uban da ke aiko masa. Yaya magidanci mai albashi ɗaya, da mata da yara uku, zai yi takara da iyaye huɗu? Dole ya ja baya, ya nufi Hayin Dogo ko Bomo, in can ma ta fi ƙarfinsa ya ƙara gaba.

Abu na biyu, wuraren aiki sun yi ta ƙaruwa a kan hanya ɗaya, gidajen ma'aikata ba su ƙaru daidai da su ba. Ga Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama wadda aka kafa a 1964, ga cibiyoyin da ke Basawa, ga ta binciken dabbobi a Shika. A 2005 kuma Asibitin Koyarwa na jami'a ya tashi daga Tudun Wada ya koma mazauninsa na dindindin a Shika. Ma'aikacin jinyar da a da yake takawa daga gida zuwa asibiti, sai ya wayi gari da doguwar tafiya a gabansa kullum, ko kuwa ya shiga layin masu neman ɗaki a Samaru. Ita kuwa Sabon Gari, gidajen da ke kewaye da kasuwa da PZ sai komawa shaguna da sito suke yi, saboda ɗan kasuwa ya fi ɗan haya biya. Yaron shago da tela da malamin firamare suka watsu zuwa Muciya da Cikaji da Dogarawa da bayansu.

Duk wannan ana lallaɓawa ne a lokacin da man fetur ke da sauƙi. Ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin mai. Litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 nan take, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Kuɗin bas da Keke Napep da acaɓa suka bi sahu. Tsakanin Samaru da Sabon Gari akwai tafiyar da ta kai kilomita goma, ba ta ƙafa ba ce ga wanda zai sa hannu a rajista ƙarfe takwas.

Bari mu yi lissafin 'yan firamare, mu ɗauki misali kawai. Ce mutum ya sami ɗaki mai araha a bayan gari, amma sai ya hau acaɓa zuwa bakin titi, sannan ya shiga bas. Mu ƙaddara naira 500 ke kai shi, 500 ta dawo da shi. Kwanakin aiki 22 a wata, ya kama naira 22,000 ke nan, a shekara 264,000. Mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a watan Yulin 2024 naira 70,000 ne a wata. Ka ga kusan kashi ɗaya cikin uku ya tafi a kan titi, ba a zo maganar yara masu zuwa makaranta ba, ba a zo maganar uwargida in za ta awo ko kasuwa ba. Sau da yawa bambancin hayar ɗakin kusa da na nesa bai kai wannan ba. An gudu ba a tsira ba ke nan. Amma me ya sa mutane ke zaɓar nesan duk da haka? Domin kuɗin mota kaɗan-kaɗan yake fita kamar yoyon tulu, kuɗin haya kuwa dunƙule ake nemansa, na shekara guda cur, a rana ɗaya.

A nan ne nake ganin babban zalunci yake. Ana biyan ma'aikaci wata-wata, amma ana so ya biya haya shekara-shekara, wani mai gidan ma ya ce sai ta shekara biyu. Ga la'adar dillali, ga kuɗin rubuta yarjejeniya, ga na ajiya ko da za a yi ɓarna. Akwai dillalan da ko ƙofar ɗakin ba za su nuna maka ba sai ka ba da na shan ruwa. Wanda yake da dunƙulallen kuɗi shi ke samun kusa, ya huta da kuɗin mota. Wanda ba shi da su ya tafi nesa, ya ƙare da biyan abin da ya fi na mai kuɗin. Talauci da kansa ya zama abin da ake biya wa haraji.

Kuma ba aljihu kaɗai ke jin jiki ba. Mu da muke rubuta labaran gidan aure, wasiƙun masu karatu suna nuna mana abin da ke ci wa mata tuwo a ƙwarya. Amarya ce aka kai ta unguwar da ba ta san kowa ba, miji ya fita tun da duku-duku, ba zai dawo ba sai bayan isha'i, a gajiye, ransa a ɓace saboda cacar baki da kwandasta. Yara su yi barci ba su ga ubansu ba. In ciwo ya tashi da tsakar dare, babu abin hawa. Ga samarin da aka yi musu baiko shekara biyu, kayan ɗaki suna jibge a gidan iyayen yarinya, abin da ya hana biki ɗaki ne kawai. A littafi kishiya da uwar miji ake ɗora wa laifi, amma da za a bincika da kyau, da an tarar hannun nisan gida a cikin rigingimu da dama.

Ban ce masu gidaje duk azzalumai ba ne. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Siminti da kwano da rodi sun yi tashin gwauron zabo, kuma da yawa daga masu gidajen Samaru tsofaffin ma'aikata ne da suka zuba kuɗin sallamarsu a gini, hayar nan ita ce fanshonsu. Sun kuma ɗanɗana kuɗarsu a 2022, lokacin da malaman jami'a suka yi yajin aiki na wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba, gari ya yi tsit, masu shago da masu abinci suka rasa ciniki. Wannan kaɗai ya isa darasi: unguwar da ta kori magidanta ta dogara ga ɗalibai zalla, ranar da aka rufe makaranta ita ma an rufe ta.

Mene ne mafita? Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Manyan ma'aikatun da ke kan hanyar Samaru zuwa Shika suna da filaye, su tuna da ƙananan ma'aikatansu, su gina musu ko da ciki da falo ne a kusa, a riƙa cire haya daga albashi. Jami'a ta haɗa gwiwa da masu hali a ƙara ɗakunan kwanan ɗalibai, domin duk ɗalibin da ya koma cikin makaranta ya bar wa wani magidanci ɗaki a gari. 'Yan majalisarmu su dubi abin da Legas ta yi a 2011, inda dokar haya ta hana karɓar fiye da kuɗin shekara guda daga sabon ɗan haya, mu kuma mu ƙara gaba mu nemi a sauƙaƙa biyan wata-wata ga mai albashi. Ƙungiyoyin gama-kai na ma'aikata su riƙa biya wa ɗan ƙungiya hayar shekara, ya mayar a hankali kamar adashi. Ita kuma ƙaramar hukumar Sabon Gari, wadda Samaru ke ƙarƙashinta, ta gyara kwatoci da lunguna ta sa fitilu, domin kusa ba ta da amfani in taɓo da duhu sun hana mace da yaro takawa.

Kai kuma ɗan uwa mai neman ɗaki, kafin ka ba dillali ko sisi, taka da ƙafarka daga ƙofar gidan zuwa wurin aikinka, ka duba agogo. In da hali ka je da damina, ka ga inda ruwa ke kwanciya. Tambayi maƙwabta batun rijiya da 'yan ga-ruwa da wuta, don su ma haya ce ta ɓoye. Ka ɗauki biro ka haɗa haya da kuɗin motar shekara na kowa da kowa a gidanka, sannan ka kwatanta. Ke ma 'yar uwa, in ɗakin kusa ƙarami ne, kada ki ce sai mai faɗin da zai ɗauki kujeru da kabet duka. Rabin kayan su jira a gida, ya fi a ce kayan sun sami wuri amma mai gidan sai dare ake ganinsa.

Wannan shi ne ɗan abin da na hango, mai yiwuwa wani ya fi ni hangen nesa. Allah ya rufa mana asiri, ya hore wa kowa muhallin kansa, ya ba masu neman ɗaki sa'ar maƙwabta nagari. Sai mun haɗu a ci gaban labarinmu.