Wutar da Aka Hana Ci

A ganina, dazuzzukan itacen fayin na Arizona, a Amurka, abin lura ne. Tabon ƙuna a jikin tsofaffin itatuwa ya nuna cewa a da wuta kan bi ƙasa duk bayan 'yan shekaru, ta cinye ciyawa da ƙananan tsiro, ta bar manya tsaye. Sai dabbobi suka kiwace ciyawar, kuma a 1935 hukuma ta umarta a kashe kowace wuta kafin ƙarfe 10 na safe washegari. Daji ya cunkushe. A 2011 gobarar Wallow ta lashe eka fiye da 500,000. Don haka nake goyon bayan ƙona irin wannan daji bisa tsari, domin hana ƙaramar wuta ci tara wa babba makamashi ne.