'Yar Gudun Hijira Ba Baiwa Ba Ce

Yau zancenmu a kan baƙin da yaƙi ya koro mana ne.

Duk wadda ke zaune a Wudil ta san hanyar Maiduguri ta cikin garinmu ta ratsa. A 2014, da 'yan Boko Haram suka ci Gwoza da Bama, mun ga motoci suna ƙetare gada cike da mata da yara, wata ko mayafi ba ta tsira da shi ba. Waɗansu suka wuce Kano, waɗansu suka sauka wurin dangi. A lokacin kam mun yi abin kirki, mai tuwo ta kai tuwo, mai zane ta kai zane.

To, amma yaƙi in ya daɗe, mai bayarwa gajiya yake yi. Ku dubi ƙasar Siriya. An fara yaƙin basasarsu a 2011, bai kawar da gwamnatin Bashar al-Assad ba sai Disamba 2024. Mutum fiye da miliyan 6 suka bar ƙasar, akasari zuwa Turkiyya da Labanan da Jodan. Da kuɗin agaji suka ja baya, a farkon 2024 Hukumar Abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta tsayar da babban rabon abincin da take yi a can, alhali yunwa na nan. In babbar hukuma ta gaza, ina ga kwanon tuwonmu?

A nan ne abin kunyar yake. Da taimako ya yanke, sai uwa ta rasa yadda za ta yi, ta ba da 'yarta aikatau. Mu kuma muka karɓa, wai taimako muke yi. Yarinya 'yar shekara goma ita ce wanke-wanke, ita ce raino, ita ce talla ran Juma'a a kasuwa, 'ya'yanmu kuwa suna aji. Wannan ba taimako ba ne, cin gumin marainiya ne.

Shawarata ita ce, mai son lada ta ba uwar jari, ko na ƙuli-ƙuli ne ko na saƙar hula, ta sa ta cikin adashin unguwa. In kuwa kin ɗauki yarinyar riƙo, ki sa ta makarantar boko da Islamiyya tare da naki, ki ɗinka musu kaya iri ɗaya. Ɗa na kowa ne.

Ku kuma 'yan makaranta, in an kawo muku baƙuwa wadda Hausarta ba ta nuna ba, kada ku yi mata dariya. Ku matsa mata a benci, ku ara mata littafi.

Su ma da gidajensu da gonakinsu, dare ɗaya suka rasa. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.