Toshewar jijiyar ido: Na'urar MRI da nisan Karaye da Rogo

Likitoci na gargaɗin cewa idan ido ɗaya ya daina gani farat ɗaya ba tare da ciwo ba, mai yiwuwa jijiyar da ke kai jini ga tantanin bayan ido ce ta toshe.

A shekarar 2021, ƙungiyar likitocin zuciya ta Amurka ta bayyana wannan lalura a matsayin wani nau'i na bugun jini irin mai haddasa shanyewar ɓarin jiki.

Masu bincike a asibitin Charité na Balin a Jamus sun nuna cewa na'urar ɗaukar hoto ta MRI tana iya gano lahanin a tantanin. Haka kuma tana nuna ko gudan jini ya taɓa ƙwaƙwalwa, abin da ke faruwa da wasu majinyatan ba da saninsu ba.

Sai dai tantanin kan lalace cikin kimanin sa'o'i 4, kuma irin wannan na'ura sai a manyan asibitocin birane kamar Kano. Ga manomi a ƙauyukan Karaye ko Rogo, neman mota da kuɗin hoto kaɗai na iya cinye lokacin.

Don haka babban aikin yana wuyan ma'aikatan ƙananan asibitoci: su gane alamar, su tura majinyaci birni nan take, maimakon ba shi maganin ɗigawa.

Ko da ganin bai dawo ba, binciken da kuma kula da hawan jini da ciwon sukari na iya kare mutum daga shanyewar jiki.