Kama Iskar Kabon: Ina Matsayin Gwarzo Da Kabo?

A watan Nuwamba na 2021, a wurin taron duniya kan sauyin yanayi da aka yi a Glasgow ta ƙasar Birtaniya, Shugaban Ƙasa na lokacin, Muhammadu Buhari, ya ɗaukar wa Nijeriya alkawarin cewa kafin ƙarshen 2060 iskar kabon da ƙasar nan ke fitarwa ba za ta wuce wadda take shanyewa ba. A cikin watan ne kuma ya sa hannu a Dokar Sauyin Yanayi. Iskar kabon dai ita ce ke fita duk sa'ad da aka ƙona itace ko gawayi ko man fetur, taruwarta a sama kuwa ita ke ƙara wa duniya zafi.

Ɗaya daga cikin dabarun da masana ke yawan ambata ita ce a tare iskar a bakin bututun masana'anta, a matse ta, a tura ta can ƙarƙashin ƙasa. Tun 1996 ake yin haka a filin gas na Sleipner a tekun ƙasar Norwe. A Afirka ma an gwada a In Salah ta Aljeriya daga 2004, aka binne kusan tan miliyan 4, kana aka dakatar a 2011 saboda shakkar ko dutsen da ke rufe da ita zai riƙe. Sai dai duk abin da injunan duniya ke kamawa a shekara bai wuce kimanin tan miliyan 50 ba, alhali abin da ake fitarwa ya haura tan biliyan 35.

To, ina matsayin manomin Gwarzo da na Kabo a wannan lissafi? Binne iska yana bukatar dutse mai ƙofofi kamar soso, irin na yankin Neja-Delta da kwarin Sakkwato da na Tafkin Chadi. Yammacin Jihar Kano kuwa a kan fā mai tauri yake zaune, wanda masu haƙa rijiya sun san shi sarai. Kazalika babu wata babbar masana'anta a waɗannan ƙananan hukumomi biyu da za a ɗaura wa injin. Idan har wannan dabara za ta shigo Arewa, wuri irin kamfanin siminti na Kalambaina a Sakkwato za ta nufa, domin dafa farar ƙasa shi kansa yana fitar da iskar, ko da wane irin makamashi aka yi aiki.

Batun sake amfani da iskar ma ya daɗe da isowa gonakinmu ba tare da an sani ba. Takin zamani na yuriya, irin wanda masana'antar Ɗangote da aka buɗe a Legas a 2022 take yi, da iskar kabon ake haɗa shi. Amma ba ajiya ba ce, aro ne: 'yan kwanaki bayan an zuba wa masara, iskar ta koma sama.

Abin da Gwarzo da Kabo suke da shi, shi ne bishiya. Kusan rabin nauyin busasshen itace kabon ne da bishiyar ta zuƙo daga sama, wani kuma yana shiga ƙasa ta hanyar saiwa da ruɓaɓɓen ganye. Manoman ƙasar Kano sun daɗe suna barin gawo da ɗorawa da kuka da tsamiya a tsakiyar gona. Gawo musamman abin mamaki ne, domin da damina yake kaɗe ganye, saboda haka ba ya yi wa dawa inuwa, da rani kuma ya yi kore ya zubar wa dabbobi 'ya'ya, ga shi yana ƙara wa ƙasa taki.

Ba sai an je Turai neman misali ba. A Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar, daga 1983, wani ma'aikacin gona ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo ya fara nuna wa manoma su daina ƙone kututture lokacin sharar gona, su zaɓi tofo ɗaya ko biyu su yi masa sassabe ya tashi. Suka kira abin sassaben zamani. Masu bincike sun ƙiyasta cewa an farfaɗo da bishiyoyi wajen miliyan 200 a fili mai faɗin hekta miliyan 5 a kudancin Nijar, yawancinsu ba dashe ba ne. Abin lura shi ne aikin ya bunƙasa ne sa'ad da manomi ya tabbata bishiyar da ya rena tasa ce, ma'aikacin gandun daji ba zai ci shi tara a kanta ba.

Nan ne ya kamata hukumominmu su tsaya su yi nazari. Kano tana cikin jihohi 11 da ke ƙarƙashin hukumar Babbar Koriyar Ganuwa da Gwamnatin Tarayya ta kafa a 2015, kuma kowace damina akan yi bikin dashen itatuwa. Abin da ba a cika jin labarinsa ba shi ne guda nawa suka tsallake ranin farko da bakin awaki. A gefe guda kuma birnin Kano na bukatar itacen girki da gawayi kullum, duk lokacin da kuɗin gas da kananzir ya tashi kuwa, gatari ne ke ƙara aiki a ƙauye. Gawon da ya yi shekara 40 yana tara kabon, kwana kaɗan ya ishe shi ya zama hayaƙi.

Yanzu kamfanonin ƙasashen waje suna biyan kuɗi ga masu shuka bishiya domin a rage musu lissafin hayaƙinsu. Kafin irin wannan ciniki ya iso Gwarzo da Kabo, lalle ne Gwamnatin Jiha da ƙananan hukumomi da hakimai su fayyace a rubuce wane ne mai bishiyar da ke cikin gonar gado ko ta aro ko ta jingina, da kuma kason da zai shiga aljihun wanda ya yi mata shinge.