Tsadar ɗumama gida a Amurka da Kanada: Ɓarnar daga ƙasa take farawa

Da zarar hunturu ya kama a birane irin su Shikago da Toronto, kuɗin gas da wutar lantarki kan zama babban abin da ke hana magidanta barci, ciki har da Hausawan da suka sayi gidaje a can. Akasari sukan ɗora laifin a kan tagogi, alhali wani babban kaso na zafin yana tsiyayewa ne ta wurin da ba a cika leƙawa ba, wato ɗakin ƙarƙashin ƙasa da kuma ɗan sararin da ke tsakanin ƙasa da daɓen gida, wanda sai da rarrafe ake shigarsa.

Hukumar kare muhalli ta Amurka ta ƙiyasta cewa toshe kafofin iska tare da sanya kayan tare sanyi a rufi, da daɓen da ke saman wannan sarari, da katakon da ke zaune a kan bangon tushe, na rage kusan kashi 15 cikin 100 na kuɗin ɗumama gida da sanyaya shi. Bututun ruwa ma sun fi tsira daga daskarewa da fashewa.

Sai dai aikin ba na gaggawa ba ne, kuma a nan ne masu son araha ke yin asara. Bangon siminti da ke cikin ƙasa yana tsotsar danshi. Wanda ya manna masa audugar gilashi kai tsaye ya gina wa fumfuna gida, katako ya ruɓe, yara su kwana suna shaƙar warin. Dole a fara magance ruwa: a gyara indararo, a karkata ƙasar da ke jikin gida ta yadda ruwa zai gangara waje, a shimfiɗa leda mai kauri a kan turɓayar. Bayan haka ne za a liƙa allon kumfa mai tauri, a rufe shi da allon filasta saboda gobara. Ya kamata kuma a auna iskar radon, wadda ke fitowa daga ƙasa, domin ita ce ta biyu wajen haddasa kansar huhu a Amurka bayan taba.

Abin takaici shi ne yadda gwamnatin Amurka ta janye hannu. Dokar 2022 ta ba magidanta rangwamen haraji na kashi 30 cikin 100, har dala 1,200 a shekara, amma dokar da Shugaba Trump ya sa wa hannu a Yulin 2025 ta tsayar da shi daga ƙarshen shekarar. Wannan kuskure ne, kuma ya kamata majalisa ta sake dubawa. Masu ƙaramin ƙarfi har yanzu suna iya neman tallafin gyaran gidaje da aka kafa tun 1976. 'Yan haya kuwa su ne a tsaka mai wuya, domin su ke biyan kuɗin gas, mai gidan da ya kamata ya yi gyaran kuma ba ya jin sanyin.