Sunan Gari Ba a Fassara Shi da Kunne

Yau za mu yi nisan zango, mu leƙa wani ƙauye a Ingila, domin sunansa ya taɓo wani kuskure da muke yawan tafkawa a rubuce-rubucenmu.

A gundumar Gloucestershire, cikin tuddan Cotswolds, akwai ƙauyuka biyu maƙwabtan juna, Upper Slaughter da Lower Slaughter, wato na sama da na ƙasa. Tsakaninsu bai wuce mil guda ba, kuma wani ɗan rafi mai suna Eye ya ratsa su duka biyun. Duk wanda ya ji Turanci ya san slaughter na nufin yanka ko kisan kiyashi. Da mu aka ba aikin rubuta tarihin wurin, da yawanmu ba za mu tsaya bincike ba. Nan take za mu ƙago wani ƙazamin yaƙi, ko mu ce tsohuwar mahauta ce ta zama gari. Labarin zai yi daɗi, za a yi ta yaba mana, amma ƙarya muka shirga.

Masu binciken sunayen wurare ba haka suke aiki ba. Abin da suke fara nema shi ne yadda aka rubuta sunan a takarda mafi tsufa. A 1086, shekara ashirin bayan Sarki William na Normandi ya ci Ingila da yaƙi, ya sa aka ƙididdige filaye da dukiyar ƙasar saboda haraji, aka tattara a kundin da ake kira Domesday. A cikinsa an rubuta sunan wurin Sclostre. Ku lura, wasalin "o" ne a tsakiya, kuma babu "gh". Daga wannan da rubuce-rubucen da suka biyo baya, yawancin masana suka mayar da sunan ga tsohuwar kalmar Ingilishi slohtre, ma'ana wuri mai taɓo, abin da ya dace da ƙasar da ke bakin rafi. Ita kuwa slaughter ta yanka, daga harshen mutanen Sikandinebiya aka aro ta, kuma ba a fara ganinta a rubutun Ingilishi ba sai wajen 1300, fiye da shekara 200 bayan an rubuta sunan ƙauyen. Da wuya jika ya raɗa wa kakansa suna.

To me ya sa rubutun ya yi ta sauya kama? Magatakardan sarakunan Normandi da Faransanci suka saba, kuma da Latin suke rubutu. Haɗuwar "s" da "l" a farkon kalma baƙuwa ce a wurinsu, sai suka cusa "c" a tsakani. Harafin "h" na slohtre kuwa ana furta shi ne daga maƙogwaro, kamar kha na Larabci, sai suka rubuta shi da "s". Daga baya Ingilishi ya koma rubuta wannan sauti da "gh", sannan sautin ya ɓace daga bakin mutane, haruffan suka ci gaba da zama a takarda. A haka sunan taɓo da kalmar yanka suka haɗu a rubutu ɗaya alhali ba su haɗa dangi ba. Irin wannan nauyin baki ne ya cire "s" daga Snotingaham, aka wayi gari da Nottingham. Wani abin mamaki ma, Upper Slaughter yana cikin 'yan ƙauyukan Ingila da duk mazan da suka tafi yaƙin duniya na 1914 zuwa 1918 da na 1939 zuwa 1945 suka dawo da ransu.

Ba dare ɗaya aka gano waɗannan abubuwa ba. An kafa ƙungiyar binciken sunayen wuraren Ingila a 1923, kuma sunayen Gloucestershire kaɗai sun ci wa A. H. Smith kundi huɗu, waɗanda suka fito a 1964 da 1965.

Ra'ayinmu a nan shi ne: marubuci ba shi da ikon yanke wa sunan gari ma'ana don kawai ya yi kama da wata kalma da ya sani yau. Mu ma muna da namu Sclostre. A littafin Leo Africanus da aka buga a 1550, Katsina ta fito Casena, Zazzau ta fito Zegzeg. Clapperton, wanda ya ziyarci Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a 1824, ya rubuta Sackatoo, kuma wannan ya fi kusa da Sakkwato da muke faɗa fiye da Sokoto na taswira. Faransawa suka mayar da Tawa Tahoua. Kowane rubutu shaida ne a kan kunnen wanda ya rubuta da bakin wanda ya faɗa masa. Amma maimakon mu jera su mu auna, sai mu ɗauki gajeriyar hanya, irin ta masu cewa sunan Hausa daga "hau sa" ya fito, mu buga a littafi ba tare da ko "an ce" ba.

Wani zai ce, ai mu tarihinmu a baki yake, in muka ce sai takarda, mun zubar da abin da kakanni suka bar mana. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, kuma ba mu ce a zubar ba. Labarin da dattawan gari ke bayarwa kan sunan garinsu taska ce, yana nuna yadda suke kallon kansu, kuma wani lokaci shi ne ke riƙe da gaskiyar. Abin da muke ƙi shi ne marubuci ya cire "ana cewa" ya sa "asalinsa shi ne". A ƙagaggen labari, a bar tsohuwa ta faɗa wa jikokinta yadda ta ji, babu laifi. A maƙala ko littafin tarihi kuwa, abin da muka rubuta ɗalibi zai kwafa ya sa a kundin digirinsa, wani ya kwafa daga gare shi, bayan shekara ashirin zatonmu ya zama hujja. Gyaran abin da aka buga ya fi rubuta shi wuya.

Saboda haka kafin mu fassara sunan wani gari, mu nemi tsofaffin rubuce-rubucensa, na ajami da na Larabci da na boko. Mu saurari yadda tsofaffin garin ke furta shi, da karin sautinsa da tsawon wasalinsa. Mu tambaya ko daga Hausa ma ya fito, ko daga Fulatanci, Barbarci, Gwaranci ko harshen Buzaye. In labarai biyu suka saɓa, mu kawo su duka, mu faɗi daga bakin da muka ji kowanne.

Ga aikin wannan mako: kowa ya kawo sunan garinsu ko unguwarsu, da duk hanyoyin da ya taɓa ganin an rubuta shi, da abin da dattawa ke cewa game da shi. Sai mu zauna tare mu rarrabe abin da aka ji da abin da aka tabbatar.