Kuɗi Sun Fita, Wuta Ba Ta Zo Ba

Abokan aiki, yau da yawanmu muna zaune a gida muke sayen wutar lantarki ta waya. Sauƙi ya samu, amma wajibi ne mu san hanyar da kuɗinmu ke bi.

Hannu uku ne a cikin wannan ciniki. Banki ya cire kuɗin daga asusunka, kamfanin da ke tsakani ya isar da saƙon biya, sannan kamfanin wuta ya fitar da lambobi 20 da za ka danna a mita. Idan sadarwa ta katse a tsakiya, sai a cire kuɗi, lambobi su ƙi zuwa. Kuɗin ba su ɓace ba, maƙalewa suka yi, kuma da lambar shaidar biya ake bin sawunsu.

Malamin da ke lallaɓa albashi zuwa ƙarshen wata ba shi da halin biya sau biyu. In kuɗin suka maƙale, da tocila zai duba takardun ɗalibai.

Don haka, a ganina, reshenmu ya ware lokaci a taro mai zuwa a wayar wa mambobi kai: a tabbatar da lambar mita kafin biya, a adana shaida, kada a ba kowa lambar sirri. Rigakafi ya fi magani.